Mai Jirgin da Na Yanke wa Hukuncin Kisa

Ni malamar makaranta ce a Bagudo, amma matan garin nan kaɗan ne suka san ni da alli, da murya suka san ni. Na daɗe ina rubuta labari a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. In na gama kashi ɗaya sai in shiga ɗaki bayan la'asar, in turo ƙofa, in karanta shi a waya, in tura guruf ɗinmu na mata. Yawancin masu saurarena ba su yi boko ba, suna ji ne suna tsintar shinkafa ko suna kitso. Daga guruf kuma labari sai ya kama gabansa. Masu tura waƙoƙi da fina-finai a kasuwa su kwashe, su zuba wa mutane a memorin waya, har ya kai ƙauyukan da ko sabis babu. Wata rana a mota na ji muryata tana fitowa daga jakar wata tsohuwa 'yar Kurgu. Ban ce mata ni ce ba, amma ranar da ƙyar ɗankwali ya zauna mini a ka.

Da can kowane kashi da gaisuwa nake buɗe shi. Sallama, godiya, sunan labari, kashi na nawa, sannan in ce wannan ƙagaggen labari ne, ban yi shi don wani ko wata ba. Sai matan suka fara ƙorafi. Wata ta turo mini cewa, “Malama, gaisuwag ga taki ta hi ta 'yan biki tsawo. Kahin ki kai ga labari tuwo ya ƙone.” Na ji haushi, don ni ba na son a gyara mini zama, amma tsoron kada su watse ya fi haushin yawa. Na cire gaisuwar gaba ɗaya. Ina danna waya sai in faɗa cikin labari kai tsaye.

Shekarar da abin ya faru, tsoro ya riga ya samu wurin zama a yankinmu. Yau ka ji an ɗauke wani a gona, gobe ka ji an kore shanun wani ƙauye an yi daji da su wajen iyaka. Kalmar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce infoma, wato na gida mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Kowa yana kallon kowa. Ni kuma da nake ganin na iya kamun abin da jama'a ke so, sai na fara labarin wani infoma mai jirgin ruwa, wanda yake haye da mutane da rana yana sauraron hirarsu, ya san wa ya sayar da shinkafa, wa ya aurar da 'ya, sannan ya kai labari inda bai kamata ba.

Mugu yana buƙatar fuska, ni kuwa ban iya ƙera fuska ba, aro nake yi. Shekara guda kafin nan na je bikin sunan wata 'yar ƙanwar Innarmu a Dole Kaina. Na shiga jirgi a wani ƙaramin mashigi da ke ƙasa da Lolo, inda wata babbar bishiyar giyayya take tsaye a bakin ruwa. Mai jirgin Basarke ne, cikin masuntan yankin, dattijo mai surutu, ya ba hamsin baya. Kunnensa na hagu a tsage yake gida biyu. Da ya ga ina satar kallo sai ya yi dariya, ya ce ƙugiya ce tun yana saurayi, wai shi kifi ne ya fara kama shi kafin shi ya fara kama kifi. Murfin injinsa ya fashe, ya yanka jarka ruwan ɗorawa ya rufe shi da ita. Muna tsakiyar ruwa na ciro littafina na rubuta kunnen da jarkar a kan cinyata, ina jin daɗin na yi tsintuwa. Ban tambayi sunansa ba. Da na zo rubuta infoma sai na ɗauko kunnen, na ɗauko jarkar, na ɗauko mashigin da giyayyarsa, na laƙaba wa mutumin wani suna daban. A ganina canza suna ya wadatar.

Labarin ya karɓu fiye da duk wanda na taɓa yi. Da aka kai kashi na sha biyar, matan guruf suka fara neman jini. Wata ta ce in na kuskura na bar shi ya tuba ta daina saurarena. Wata ta ce kada a kai shi kotu, a kashe shi gaban jama'a kowa ya gani. Waɗannan fa mata ne da ko kaza ba sa iya kallo ana yankawa. Ni ma ban ƙi ba, gaskiya. Duk mai rubutun da ya ce bai san daɗin kisan bainar jama'a a labari ba, ƙarya yake yi. Wuri ɗaya yake tara maka duk mutanen da ka watsa a kashi goma sha wani abu, mai kuka da mai murna da munafuki, ba sai ka bi su gida-gida ba. Mai sauraro kuma ya shiga cikin taron ya tsaya, yana jin shi mutumin kirki ne tunda ba shi aka ɗaure ba. Ga shi labari ya ƙare da kansa, ba wanda zai tambaye ka sai me.

Ban taɓa ganin an kashe mutum ba, don haka na je wurin Inna. Ita ta taɓa gani tana budurwa, zamanin soja, lokacin da ake harbe 'yan fashi a fili. Ba ta so maganar ba, sai da na matsa. Abin da ta riƙe a ranta ba harbin ba ne. Ta ce akwai mai tallan gyaɗa tana zagayawa ana saye, akwai wani mutum da ya ɗora ɗansa a wuya don ya hango da kyau, akwai masu turereniya su kai gaba alhali ko allura ba a taɓa sace musu ba. Ta ce ta yi kwana bakwai ba ta iya cin nama ba. Ta kalle ni ta ce, “Mi za ki yi da wanga zance?” Na ce aiki ne. Ina fitowa na rubuta mai gyaɗar da mai ɗan a wuya, ina cewa a raina wannan kaya ne.

Kashi na sha tara na yi shi ne da bakin wata mata a cikin labarin, wadda aka ɗauke wa miji. Daga farko har ƙarshe ita kaɗai take magana, tana gaya wa jama'a abin da ta gani. “Jama'a, ni na gan shi da idona,” haka ya fara. Ta faɗi kunnen, ta faɗi jarkar, ta faɗi mashigin. Sannan ta ce a jira shi ranar kasuwa, a ɗaure shi a jikin giyayya da igiyar tarunsa, kada a taɓa ransa sai bayan azahar, lokacin da mutanen wannan gaɓa da na waccan suka gama taruwa. Jiran azahar ɗin na sa shi ne kawai don in ja ran masu sauraro. Da nake karantawa sai kuka ya zo mini na gaske, muryata tana rawa, har da jan majina. Na saurara bayan na gama, na ce kai, yau na yi abu. Ranar kuma na karanta kashi na ashirin, wanda a ciki ake kashe shi, amma na riƙe shi a wayata don su yi ta roƙo. Na sha tara kaɗai na tura.

Kwana huɗu bayan nan, da sassafe ina shara, na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Yayana ne, wanda yake fataucin shinkafa tsakanin Bagudo da bakin iyaka. Ko sallamar kirki bai yi ba.

Ya ce, “Ke, mi kinka aikata?”

Na ce da aka yi me.

“Muryakki nij ji jiya bakin ruwa, cikin waya ukku. Suna cewa wata mata ta da anka ɗauke ma miji. Sun ce mai jirgin da tah hwaɗi sun san shi.”

Na yi dariya, wallahi dariya na yi. Na ce, “Haba Yaya, ai labari na, ni niƙ ƙaga shi.”

Ya ce, “Kunnen ma ke kinka ƙaga shi?”

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na zauna a bakin rijiya. Sai a lokacin na ji kashi na sha tara yadda baƙo zai ji shi. Babu sallama, babu sunan labari, babu kashi na kaza. Mace ce kawai tana kuka tana cewa jama'a ta gani da idonta, irin saƙon gargaɗin da ake turawa kullum a wannan shekarar.

Yaya ya ce ya gaya musu muryar ƙanwarsa ce, malama ce mai labarai. Wani matashi ya matso ya tambaye shi ko shi ma yana ciki ne da yake kare mutumin. Daga nan Yaya ya ja bakinsa, ya kwana a Lolo ido biyu, asuba na yi ya kamo hanya. Mai jirgin kwana biyu yana can wajen ƙasar Binin, bai san abin da ake ciki ba. Da hantsi yake isowa da fasinjan farko ranar kasuwa. Kasuwar kuwa yau ce.

Na ɗauko waya, na yi magana na ce ni ce, labari ne, kada a taɓa kowa, na tura guruf. Yaya ya ce wannan aikin banza ne. Mutanen mashigi ba sa cikin guruf ɗin matan Bagudo, a memori suka samu, sabis ɗin can ma in ya ga dama na Binin yake kamawa. Na kira maigidana da ke aiki a Birnin Kebbi, ban ma iya jera zancen ba. Ya ce in tafi yanzu, Allah ya tsare. Na zura hijabi a kan kayan shara, na ɗauki littafin da waya, na hau bayan Yaya.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba. Damina ce, hanya duk ta cinye, babur yana faɗawa rami yana fita. Shinkafa kore shar hagu da dama, mutane suna aikinsu, ni kuwa rana kawai nake kallo tana hawa. Da muka hau gada na leƙa ruwa na roƙi Allah ya sa injin mai jirgin ya lalace, ko fasinja su ƙi zuwa, ko ciwon ciki ya kama shi ya kwanta a gida. Kuma zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa Yaya ba. Ba tsoron ransa kaɗai nake ji ba, har da nawa. Mutanen da suka taru don su kashe wani, in na ce musu ƙarya na yi, me zai hana su juyo kaina? Sau biyu na buɗe baki in ce mu koma, a aika wani. Kunya ce ta hana ni, ba jarumta ba. A shingen tsaro na ƙarshe Yaya ya tsaya ya gaya wa jami'an da ke wurin, suka ce motarsu ta fita sintiri, tana dawowa za su biyo mu.

Tun kafin mu ga ruwa na ji muryata. Wani mai sayar da maganin gargajiya ne ya haɗa waya da lasifikarsa, kashi na sha tara yana ta maimaituwa a kan mashigin. “Jama'a, ni na gan shi da idona.” Ga kukan, ga jan majinar da na yi alfahari da shi. Jirage suna bakin ruwa babu kowa a ciki, buhunan albasa a yashe, duk jama'a sun yi cincirindo a gindin giyayya.

Yaya ya kama hannun hijabina yana kutsawa. Da muka kai gaba na ga mai jirgin. Yana zaune a ƙasa, bayansa a jikin itacen, an naɗe shi da igiyar taru tun daga ƙirji har ciki. Hularsa babu, leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya kumbura. Yadda na rubuta haka suka yi, ba su rage komai ba. Wani matashi yana tsaye da galan na fetur, wasu da gora, wasu da duwatsu a hannu. A gaban mai jirgin sarkin ruwa ne, shugaban masu jirage na mashigin, wani tsoho siriri, ya dasa kujerarsa tsakanin mutumin da taron yana cewa ba wanda zai taɓa shi sai an kawo matar da ta yi magana. Ba tsohon kaɗai ne ya riƙe su ba. Azahar suke jira, kamar yadda muryar ta umarce su, kuma inuwa ta kusa komawa gindin itace.

Na durƙusa gaban tsohon na ce, “Ranka shi daɗe, ni ta mai muryag ga.”

Na kusa da mu suka ji. Wani ya ɗaga murya, “Ga ta! Ga matat ta zo!” Wurin ya ɗauki kabbara. Wata mata mai goyo ta rungume ni tana kuka, tana cewa Allah ya isar mini, Allah ya dawo mini da mijina. Wani ya cusa mini dutse a hannu ya ce ni zan fara. Dutsen da ɗumi, an daɗe ana riƙe da shi. Duk abin da na shirya faɗa a hanya ya gudu. Na shirya wa zagi, ban shirya wa tausayi ba. Mai jirgin ya ɗago ido ɗayan da ke buɗe ya kalle ni, kuma na ga bai gane ni ba sam.

Na ajiye dutsen. Na ce ba a ɗauke mini miji ba, mijina yana Birnin Kebbi lafiya lau, ɗazu ma muka yi waya. Ni malama ce daga Bagudo, labari nake rubutawa, wannan mutumin sau ɗaya na taɓa shiga jirginsa, bai yi mini komai ba, bai yi wa kowa komai ba a sanina.

Matar da ta rungume ni ta sake ni ta ja baya. Sai wurin ya ɓarke. “An saye ta!” “Tsorata ta anka yi!” “Ita ma tasu ta!” Mai galan ya matso har ina jin warin fetur. Yaya ya sha gabana, ina ganin bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Na ce a raina shi ke nan, yau gawa uku za a ɗauka a nan.

Sarkin ruwa ya buga sandarsa a jikin kujera. Ya ce, “Ɗiyata, magana ba ta isa. Ɗazu murya tac ce haka, yanzu murya ta ce haka. Mi ag gare ki da za mu gani?”

Na miƙa littafin. Ya juya shi ya dawo mini da shi, ya ce shi bai yi boko ba, kuma takarda kowa yana iya rubuta ta a hanya. Sai na tuna da kashi na ashirin da ke cikin wayata. Na ce masa akwai ci gaban, na karanta shi tun kwana huɗu, kuma a cikinsa an riga an kashe mutumin nan da yake zaune da ransa. Ni kaina na san abin da nake miƙawa. Ko su ji su gane labari ne, ko su ji su samu yadda za su yi. Tsohon ya ce a kawo lasifikar.

Mai maganin ya cire wayarsa ya sa tawa. Muryata ta sake tashi, wannan karon ba kuka, a natse, irin muryar da nake yi in ina jin daɗin kaina. Ta ce rana ta take, jama'a sun cika mashigi. Ta ce ga mai tallan gyaɗa tana zagayawa, ciniki ya buɗe mata. Ta ce ga wani ya ɗora ɗansa a wuya don kada ya rasa kallo. Ta ce na gaba-gaba masu zare ido, in ka bincika, ko allura ba a taɓa sace musu ba. Ina durƙushe kaina a ƙasa, amma ta gefen ido na ga wani mutum ya sauke 'yarsa daga wuyansa a hankali ya riƙe hannunta. Wata mai fura ta sauke ƙwaryarta ta rufe da faifai.

Sai wata mata daga baya ta ce, “La! Ai Malama ta, mai labarai! Ita tay yi na matar da tab ɓace cikin jirgin Yawuri, ina da shi ga memori!” Wasu mata biyu suka ce ƙwarai ita ce. Na so tsohon ya ce a kashe wayar a nan. Bai ce ba. Ya bar ta ta ci gaba, ta kai inda aka jefa dutsen farko, ta faɗi inda ya same shi, ta faɗi abin da ya ce, ta faɗi sauran. Ba zan maimaita a nan ba. Na rubuta shi da kyau, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Minti goma sha ɗaya ne, na san tsawonsa, kuma duk tsawon nan mai jirgin yana saurare, kansa a jingine da itace, bai motsa ba. Kashin ya ƙare da jama'a suna kabbara suna watsewa, kowa zuciyarsa ta yi sanyi.

A mashigin kuwa ba wanda ya yi kabbara. Na baya suka fara zamewa, wannan ya tuna da albasarsa, wancan ya tuna da jirginsa. Duwatsu suka riƙa faɗuwa ƙasa ɗaya-ɗaya. Mai galan ya tsaya ya fi kowa daɗewa, yana cewa ai ko labari ne a bincika, sai da wani babba ya karɓe galan ɗin ya ce ya wuce ya ba mutane wuri. Wani da zai wuce ya tofar da yawu kusa da ni, ban ga laifinsa ba. Sarkin ruwa ya sa aka kwance igiyar. Bai zage ni ba, ya dai ce, “Ke da kinka yi karatu.” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mai jirgin ya kasa tashi da farko, hannuwansa sun mutu. Yaya ya kama shi ya miƙar, wani ya tsinto masa hularsa a cikin laka. Na matsa na durƙusa, ina cewa Baba ka yafe mini, Baba don Allah ka yafe mini, na ma rasa sau nawa na faɗa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Yana ta murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci. Daga masallacin mashigi aka fara kiran azahar, na ga jikinsa ya yi wata irin girgiza da ya ji.

Sannan ya ce, a hankali saboda leɓen, “Malama, nan labarin yaƙ ƙare?”

Na ce e, nan ya ƙare.

Ya ce, “Na saurara dut. Ban ji inda anka yi man wanka ba. Ban ji inda anka yi man salla ba. Ko mutum guda bai tsaya ba?”

Na buɗe littafin ina juya shafi kamar zan samu a ciki, alhali na san abin da ke ciki. A littafin, taron yana watsewa na ja layi, na rufe biro. Kwana da kwanaki ina gyara yadda dutse zai sauka, ban taɓa tunanin wa zai ɗauki gawar ba.

Na ce, “Ban rubuta ba, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Ya sauka bakin ruwa yana ɗingishi, ya tsuguna kusa da jirginsa, ya wanke jinin bakinsa, ya fara alwala.